BABI NA HUƊU: SHINGE DA ƘARSHEN LABARI A MATSAYIN TUSHEN GAMSUWAR MAI KARATUN LITTATTAFAN SOYAYYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar littattafan soyayya na Hausa da yadda suka bazu daga Kano zuwa Gusau da Tsafe da Bungudu, har suka kai garuruwa irin su Nahuce. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin amsa tambaya guda ɗaya, wato mene ne yake gamsar da mai karatu a cikin irin waɗannan littattafai, har ya rufe littafi yana jin cewa bai yi asarar kuɗinsa da lokacinsa ba?

Tambayar tana da muhimmanci domin an daɗe ana yanke wa littattafan hukunci ba tare da an amsa ta ba. Masu suka suna ganin cewa kalaman soyayya da bijire wa iyaye su ne suke jan hankalin matasa. A kan irin wannan fahimta ne aka ƙona wasu littattafan Hausa a Kano a shekarar 2007, a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau. Idan har fahimtar ba daidai take ba, to maganin da aka ɗora a kanta ma ba zai yi aiki ba.

Domin a gwada wannan fahimta, za a kwatanta littattafan soyayya na Hausa da wani rukunin littattafai da ya yi nisa da su ƙwarai, wato littattafan soyayyar jinsi ɗaya da ake rubutawa a ƙasashen Turai da Amurka. Dalilin zaɓen wannan rukuni shi ne, idan aka sauya masoyan gaba ɗaya amma masu karatu suka ci gaba da neman abu iri ɗaya a cikin labarin, to an gano cewa gamsuwar tana cikin zubi da tsarin labarin ne. Matsayin addinin Musulunci da al'adar Bahaushe da dokar ƙasa a kan wannan al'amari sananne ne, kuma za a taɓo shi a inda ya shafi rubutu. Aikin wannan babi shi ne nazarin yadda ake gina labari da yadda ake karɓar sa.

4.1 Ra'ayoyin Masana a Kan Gamsuwar Mai Karatu

Radway (1984) ta yi nazarin wasu mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na Amurka wanda ta saka wa suna Smithton. Daga cikin abubuwan da ta gano akwai cewa matan sun fi ba kyakkyawan ƙarshe muhimmanci a kan bayanin saduwar jiki, kuma littafin da ya ƙare da rabuwa ba sa ɗaukar sa a matsayin littafin soyayya na gaskiya. Haka kuma ta nuna cewa karatun kansa wata dama ce da mace take samu ta keɓe lokaci domin kanta, bayan ta wuni tana hidimar miji da 'ya'ya.

Ita kuwa Regis (2003) ta kalli ginin labarin ne. Ta kawo tubala guda 8 waɗanda a ganinta ba a rasa su a littafin soyayya. Tubalan su ne bayanin al'ummar da masoya suke ciki, da haɗuwarsu, da shingen da ya raba su, da shaƙuwa, da furta so, da lokacin yanke ƙauna, da gano abin da zai kawar da shingen, sai kuma alƙawarin aure. Daga cikin waɗannan, wannan nazari ya fi mayar da hankali a kan guda uku, wato shinge da yanke ƙauna da ƙarshe.

A ɓangaren Hausa, Larkin (1997) ya nuna yadda marubuta da masu karatu suka sami abin koyi a finafinan Indiya, domin su ma suna nuna rikici tsakanin son zuciyar matashi da zaɓin iyaye, irin wanda Bahaushe ya sani a gidansa. Malumfashi (1994) kuwa shi ne ya kira littattafan da sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su kai matsayin nagartaccen adabi ba, ra'ayin da Abdalla Uba Adamu da wasu manazarta suka ƙalubalanta a jaridu a ƙarshen shekarun 1990. Abin lura shi ne, mafi yawan muhawarar ta tsaya a kan ko littattafan suna gyara tarbiyya ko suna ɓata ta. An yi ƙarancin tambayar abin da mai karatu yake nema a cikinsu.

4.2 Shinge a Littattafan Soyayya na Hausa

Abin da ake nufi da shinge a nan shi ne duk wani abu da ya hana masoya kaiwa ga aure. Tun a littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a 1934, an ga yadda dukiyar Malam Shaihu ta raba Abubakar da Zainab. Sai dai a wannan littafi ba a kawar da shingen ba. Abin da ya biyo baya ramuwar gayya ce da halaka, shi ya sa ba a lissafa shi cikin littattafan soyayya duk da cewa da soyayya ya fara.

A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980), marubuciyar da ta daɗe da zama a Gusau, shingen shi ne bambancin asali tsakanin Boɗaɗo, wadda Bafillatana ce, da Yasir wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) shingen dukiya ce. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad kuwa talaka, ga kuma Abdulƙadir mai kuɗi wanda ya bi ta hannun kakar Sumayya ya sami goyon bayanta. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990) jahilci da auren dole ne suka tsaya a gaban Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta.

Idan aka dubi waɗannan shingaye za a ga abu biyu. Na farko, dukkansu daga wajen masoya suke fitowa, wato daga iyaye da dangi da tsarin zaman al'umma. Da wuya a sami littafin da matsalarsa ita ce tauraruwa ba ta tabbatar da wanda take so ba. Na biyu, dukkansu abubuwa ne da mai karatu ya gani da idonsa. Yarinyar da take karanta labarin Abu a Nahuce ko a Tsafe ta san wata ƙawarta ko 'yar uwarta da aka cire daga aji aka yi mata aure. Saboda haka ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kafin ta ji zafin abin.

Lokacin yanke ƙauna kuwa ba shi da misalin da ya fi faɗawar Sumayya cikin rijiya. Masu suka sun riƙe wannan wuri a matsayin hujjar cewa littafin yana koya wa 'yan mata kashe kai. Amma ta fuskar zubi, aikin da rijiyar ta yi a labarin shi ne sauya zukatan manya. Kafin ta, maganar Sumayya ba ta da nauyi a gidansu. Bayan ta ne aka fara sauraren ta, har aka kai ga aurenta da Muhammad. Ke nan ƙololuwar labarin ita ce ranar da iyaye suka sauko, domin ita soyayyar tun a shafukan farko mai karatu ya tabbatar da ita.

4.3 Littattafan Soyayyar Jinsi Ɗaya a Ƙasashen Waje

A Ingila, E. M. Forster ya rubuta littafinsa mai suna Maurice a tsakanin 1913 da 1914, amma ba a buga shi ba sai a 1971, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Labari ne na wani saurayi, Maurice Hall, wanda ya shaƙu da abokin karatunsa Clive Durham a jami'ar Cambridge. Clive ya ja da baya ya yi aure domin kare matsayinsa, daga baya Maurice ya haɗu da Alec Scudder, wani ma'aikaci a gidan gonar su Clive. A lokacin da aka rubuta littafin dokar Ingila tana ɗaure mutum a kan irin wannan hulɗa, kamar yadda aka yi wa marubuci Oscar Wilde ɗaurin shekara 2 a 1895, kuma ba a sassauta dokar ba sai a 1967. Forster ya bayyana a bayanin da ya rubuta daga baya cewa dole ne labarin ya ƙare da daɗi, in ba haka ba da bai rubuta shi ba. Wannan ƙarshe yana daga cikin dalilan da suka hana shi fitar da littafin yana raye, domin labarin da ya ƙare da halaka ya fi sauƙin samun karɓuwa a wancan zamani.

A Amurka, Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt a 1952 da sunan aro, wato Claire Morgan, ba ta sa sunanta na gaskiya ba sai a 1990 lokacin da aka sake buga shi da sunan Carol. Labarin mata biyu ne, Therese da Carol. Carol ta rasa riƙon 'yarta saboda wannan dangantaka, amma littafin ya ƙare da alamar za su zauna tare. Marubuciyar ta faɗi cewa ta yi ta samun wasiƙu daga masu karatu, kuma abin da suka fi yaba wa shi ne taurarin ba su mutu ko sun haukace a ƙarshe ba, saɓanin abin da aka saba gani a irin waɗannan labarai a lokacin.

A wannan zamani rukunin ya zama babbar kasuwa. Alal misali, Red, White & Royal Blue na Casey McQuiston (2019), wanda ya haɗa ɗan shugabar Amurka da wani yariman Ingila, ya shiga jerin littattafan da suka fi ciniki. Wani abin lura kuma shi ne, da yawa daga cikin masu rubuta labaran soyayyar maza biyu da masu karanta su mata ne. A Japan ma tun shekarun 1970 mata suke zana irin waɗannan labarai domin mata 'yan uwansu.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da abubuwa uku da suke gamsar da masu karanta wannan rukuni. Na farko shi ne ƙarfin shinge. A ƙasashen da iyaye suka daina zaɓa wa 'ya'yansu miji ko mata, marubucin soyayyar mace da namiji yakan sha wahala kafin ya sami abin da zai raba masoyansa har tsawon littafi, alhali marubucin soyayyar jinsi ɗaya yana da shinge a shirye, wato tsoron tonuwar asiri da rasa dangi da aiki. Na biyu shi ne daidaito tsakanin masoyan. Wasu manazarta suna ganin abin da yake jan mata zuwa labarin maza biyu shi ne ganin soyayyar da ba a riga an yanke wane ne zai yi umurni wane ne zai yi biyayya ba. Na uku shi ne kyakkyawan ƙarshe, wanda a wurin mai karatun da yake ganin kansa a cikin taurarin ya zama shaidar cewa irinsa ma zai iya rayuwa cikin kwanciyar hankali.

Idan aka ajiye waɗannan abubuwa uku kusa da abin da aka gani a 4.2, za a tarar sun yi kama ƙwarai. Mai karanta labarin Sumayya da mai karanta labarin Maurice duk suna bin mutumin da al'ummarsa ta hana shi zaɓinsa, suna jin tsoro tare da shi, suna jiran ranar da za a kawar da abin da ya tare masa hanya. Ko batun daidaito ma ba baƙo ba ne a littattafan Hausa. A littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa, akan ga tauraruwa mai ilimi wadda miji yake girmama ta yana shawara da ita. Wannan ya nuna cewa tushen gamsuwar yana cikin ginin labarin, kamar yadda aka yi hasashe a gabatarwa.

4.4 Inda Rukunan Biyu Suka Rabu

Duk da wannan kama, akwai bambanci babba, kuma shi ne ya fi bayyana halin mai karatu Bahaushe. Bambancin yana cikin ma'anar kyakkyawan ƙarshe. A Maurice, taurarin sun bar matsayi da dangi da gari, suka zaɓi zama su biyu a gefen al'umma, kuma mai karatun littafin ya ɗauki wannan a matsayin nasara. A littafin McQuiston kuwa al'ummar ce ta sauya ta karɓe su. A littafin soyayya na Hausa babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu. Masoyan da suka gudu suka zauna a wani gari ba tare da yardar iyaye ba, a idon mai karatu Bahaushe sun shiga duniya ne, kuma labarinsu bai ƙare ba tukuna. Haka nan ba a sa ran dokar addini ta sauya domin su. Abin da ake jira shi ne a koma ga dokar, wato uba ya gane cewa tilasta wa 'yarsa da fifita dukiya a kan hali su ne suka saɓa wa koyarwar addini.

Shi ya sa shafukan ƙarshe na littattafan suke cika da waliyyi da sadaki da shaidu da ɗaurin aure da kai amarya da sa albarkar iyaye. Marubutan da suke tsawaita bayanin lefe da kamu da walima sun san abin da suke yi, domin taron jama'a a wurin biki shi ne shaidar cewa al'umma ta amince. Bisa ga wannan, ana iya cewa littafin soyayya na Hausa labari ne na ɓangarori uku, wato saurayi da budurwa da iyaye, kuma ba ya cika sai ukun sun daidaita.

Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa soyayyar jinsi ɗaya ba ta zama rukunin littattafan soyayya a kasuwar Hausa ba. Dalili na fili shi ne addini da doka. Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999 a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki a watan Janairu na 2000. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A matakin ƙasa kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a watan Janairu na 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14. Amma bayan wannan akwai dalili na adabi. Tubali na ƙarshe, wato aure da albarkar iyaye a gaban jama'a, ba zai samu ba a irin wannan labari, kuma in babu shi mai karatu Bahaushe ba zai kira abin da ya karanta littafin soyayya ba.

Ko marubutan Nijeriya da suka ɗauki jigon da Ingilishi sun ci karo da wannan matsala. A Walking with Shadows na Jude Dibia (2005), asirin tauraron ya tonu alhali yana da mata da 'ya, kuma mafi yawan littafin a kan yadda danginsa suka ɗauki lamarin ne. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta (2015), Ijeoma 'yar ƙabilar Ibo ta shaƙu da Amina, wata yarinya Bahaushiya da yaƙin basasa ya raba da danginta. Amina ta yi aure, ita ma Ijeoma ta yi, daga baya aurenta ya mutu. Abin da ya sa labarin ya sami natsuwa a ƙarshe shi ne mahaifiyar Ijeoma, wadda ta daɗe tana yaƙi da halin 'yarta, ta sassauta ta karɓe ta. Wato ita ma wannan marubuciya ba ta iya rufe labarinta ba sai da ta nemo yardar uwa.

4.5 Yadda Jigon Yake Fitowa a Rubutun Hausa

Rashin zamansa rukuni bai hana jigon bayyana ba. Matsayin Lover na Alkhamees D. Bature Makwarari, wanda ya fito a shekarun 1990, ya taɓo maɗigo, kuma ya gamu da suka mai tsanani daga marubuta da masu sayar da littattafai a Kano. A yau da rubutu ya koma wayoyin hannu, ana samun jigon a wasu labaran da ake yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad, inda hannun masu tacewa ba ya kaiwa da sauƙi.

Yadda aka saba kawo shi kusan iri ɗaya ne. Akan nuna yarinya ta koyi halin a makarantar kwana, ko wata hajiya mai kuɗi ta ja ta da kyauta, sannan labarin ya ƙare da ciwo ko tonon asiri ko mutuwa ko tuba. Ta fuskar zubi, ke nan, dangantakar ita kanta ce ta zama shingen da ya hana tauraruwa kaiwa ga aure, kuma kawar da ita shi ne kyakkyawan ƙarshe. Irin wannan labari yana cikin jigon faɗakarwa ne, gamsuwar da yake bayarwa kuma ita ce ta ganin mai laifi ya girbi abin da ya shuka ko ya shiryu. Su kuwa 'yan daudu, waɗanda Gaudio (2009) ya yi nazarin rayuwarsu da harshensu a Kano, galibi akan kawo su ne a matsayin masu ba da dariya ko kawalai, ba a matsayin taurari ba.

A nan akwai rauni biyu da ya kamata mai nazari ya faɗa. Na farko, akan gina irin waɗannan taurari ba tare da zurfi ba. Ba su da tunani ko tsoro ko nadama irin ta ɗan Adam sai a shafin ƙarshe, saboda haka faɗakarwar ba ta ratsa mai karatu, domin bai ga mutum irinsa a cikin labarin ba. Na biyu, wasu marubutan suna fakewa da guzuma su harbi karsana. Sukan cika babi bayan babi da bayanin batsa domin jan masu saye, sannan su kawo tuba a layuka kaɗan a ƙarshe su kira aikin faɗakarwa. Irin wannan rubutu bai biya bukatar wa'azi ba, bai kuma biya ta adabi ba.

4.6 Masu Karatu a Nahuce da Kewaye

A tattaunawar da mai wannan nazari ya yi da wasu masu karatu a Nahuce da Bungudu da Gusau, mafi yawansu matan aure da 'yan mata, an lura cewa idan aka nemi su ba da labarin littafin da suka fi so, sukan wuce wasiƙu da kalaman masoya da sauri, su tsaya a kan muguntar kishiya ko kaka ko mai kuɗi, da kuma ranar da gaskiya ta yi halinta. Wasu sun ce sukan leƙa ƙarshen labari kafin su fara, ko su tambayi wadda ta riga su karantawa, domin kada su ɓata dare a kan labarin da zai ƙare da baƙin ciki. Wasu kuma sun nuna ɓacin rai a kan marubutan intanet da suke tsayar da labari a tsakiya sai an biya kuɗi. Hanyar samun littafi ta sauya, daga haya a shago da sauraren karatu a rediyo zuwa waya, amma abin da ake jira a ƙarshe bai sauya ba.

Sai dai ba kowane ƙarshe da al'umma ta amince da shi ne yake gamsar da su ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ya saki Rabi da 'ya'yanta saboda Delu. Rabi ta tsaya da ƙafarta ta hanyar sayar da abinci, shi kuwa dukiyarsa ta ƙone, Delu ta juya masa baya, daga ƙarshe dangi suka matsa wa Rabi ta koma gidansa. Ra'ayin matan da aka tattauna da su ya rabu a kan wannan. Wasu sun ga mahaƙurci mawadaci ne, wasu kuwa sun ga an sake zaluntar Rabi a karo na biyu. Wannan ya nuna cewa yardar dangi ita kaɗai ba ta isa ba, sai ta zo daidai da abin da zuciyar tauraruwa take so. Haka kuma ya kamata a lura da tsadar da littattafan suke ɗora wa mace kafin a saurare ta. Sumayya sai da ta kusa rasa ranta, Abu kuwa sai da ta gudu daga gidan miji ta nemi ilimi a birni.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an kwatanta littattafan soyayya na Hausa da littattafan soyayyar jinsi ɗaya na ƙasashen waje, an ga cewa masu karanta rukunan biyu suna samun gamsuwa ne daga shinge mai ƙarfi wanda suka sani a rayuwarsu, da tauraron da ake girmama zaɓinsa, da kuma ƙarshen da ya kawar da shingen. An ga kuma cewa sun rabu a kan ma'anar kyakkyawan ƙarshe, domin mai karatu Bahaushe ba ya gamsuwa sai masoya sun sami aure da albarkar iyaye a gaban jama'a. Wannan ne ya sa jigon soyayyar jinsi ɗaya, idan ya shigo rubutun Hausa, yake komawa faɗakarwa.

Sakamakon wannan ga masu sukar littattafan soyayya shi ne, zargin cewa suna koya wa matasa watsi da iyaye bai yi daidai da yadda aka gina mafi yawansu ba. Abin da mai karatu take nema shi ne ranar da mahaifinta zai saurare ta ya yarda da zaɓinta. A babi na gaba za a dubi salon da marubutan suke amfani da shi wajen gina taurarin iyaye, musamman uba da kaka, tun da an ga cewa a hannunsu warwarar labarin take.